Ganau da Jiyau: Tarihin Mazaunin Dodo a Ƙasar Dutse da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Da wuya a sami Bahaushen da ya tashi a karkara bai taɓa jin an ce masa ya shiga ɗaki kada Dodo ya kama shi ba. A Jahun da Kiyawa da Miga, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, da wannan suna uwa takan tsawata wa yaron da ya ƙi barci, da shi kuma kaka takan ƙawata tatsuniyarta idan dare ya yi. Amma in aka tambayi manyan da suke yi wa yaro wannan barazana ko wane ne ya taɓa ganin Dodo da idonsa, sai su yi dariya. Kowa jiyau ne, babu ganau.

A wasu sassan duniya abin ba haka yake ba. A Amurka ta Arewa da duwatsun Himalaya, mutane baligai masu hankalinsu sukan je gaban 'yan jarida ko hukuma su rantse cewa sun ga wata halitta mai gashi, mai kama da gwaggon biri, tana tafiya da ƙafa biyu. Har an tara dubban irin waɗannan rahotanni, an zuba su a taswira, masana suna ja-in-ja a kansu. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun Dodon Bahaushe kamar yadda aka bi sawun waɗancan halittu, watau a duba a ina aka ce yana zaune, a wane zamani, kuma da wace siffa. Za a tsaya a kan ƙasar Dutse da Jahun, sa'an nan a leƙa kudu da yamma. Abin da nake son in nuna shi ne, mazaunin Dodo yana bin iyakar da mutane suka shata tsakanin gari da inda suke tsoro, kuma duk lokacin da wannan iyaka ta gusa, shi ma sai ya yi ƙaura.

Darasi daga taswirar wasu

Kafin mu zo gida, ya kamata mai karatu ya san abin da bincike ya gano game da takwarorin Dodo na ƙetare, domin a can ne aka fi yin ƙidaya. Halittar da Amurkawa suke kira Bigfut, watau mai babban sawu, ta sami wannan suna a 1958, lokacin da masu aikin buɗe hanya a dajin arewacin Kalifoniya suka ce sun tarar da manyan sawaye kusa da motocin aikinsu, wata jaridar yankin kuma ta buga hoton. A 2002, bayan rasuwar Ray Wallace, ɗan kwangilar da ke da aikin, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako suka ce da su ya riƙa buga sawayen. A watan Oktoba 1967 kuma Roger Patterson da Bob Gimlin suka ɗauko ɗan gajeren fim a wannan daji, wanda ya nuna wani abu mai gashi yana tafiya a bakin rafi. Tun daga lokacin rahotanni suka yi ta ƙaruwa.

Da aka zuba rahotannin a taswira, sai aka ga sun fi yawa a jihohin Washinton da Kalifoniya, inda ake da manyan dazuzzuka. A 2009 wasu masana uku, Lozier da Aniello da Hickerson, suka gwada wannan taswira da ta mazaunin baƙin beyar, wata dabba mai gashi wadda takan miƙe a kan ƙafafunta na baya, suka tarar kusan duk ɗaya ne. A 2024 Floe Foxon ya buga lissafin da ya nuna cewa duk inda aka sami ƙarin beyar 1,000, rahotannin ganin Bigfut sukan ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100. Sai dai akwai jihohi kamar Fulorida da Ohayo masu tarin rahotanni alhali beyar ba ta da yawa a cikinsu. Abin da suke da shi da yawa shi ne mutane. Haka nan a 2017 Charlotte Lindqvist da abokan aikinta suka auna ƙwayoyin halittar wasu kayayyaki 9, ƙashi da gashi da fata da sauransu, waɗanda aka ce na Yetin Himalaya ne. Guda 8 na beyar ne, ɗaya na kare.

Abu biyu ke nan suke haifar da rahoto: dabbar da za a iya ɗauka a matsayin wani abu, da kuma mutumin da zai gani ya sami wanda zai rubuta. Na biyun nan ya fi shafarmu, kamar yadda za a gani.

Siffar Dodo da waɗanda suka rubuta ta

Kalmar dodo tana da faɗi a Hausa. Kamusun Bargery na 1934 da na Abraham duka sun kawo ta da ma'anar mugun iska ko abin da ake tsoro. Makaɗan fada sukan kira sarki dodo domin kwarjininsa. Ana cewa mutane biyu dodo ɗaya suke yi wa tsafi idan bakinsu ɗaya ne a ɓoye. Muna da dodon kunne, muna da dodon koɗi, dukansu abubuwa ne da suke lafe a cikin rami ko ƙwanso, ba a ganinsu sosai. Wannan ma'ana ta ɓuya ita ce, a ganina, gishirin kalmar.

A tatsuniya kuwa Dodo yana da jiki. Ƙato ne, yana da dogon gashi wanda akan sa mace ta yi masa kitso, yana da wutsiya a wasu labaran, yana ruri, yana jin warin ɗan'adam daga nesa. Yana magana, yana aure, yana da gida da dukiya, yana ƙulla alkawari kuma yana zuwa karɓar abin da aka yi masa alkawari. Babban aikinsa shi ne haɗiya: yakan haɗiye budurwa, ko garken shanu, ko jama'ar gari gaba ɗaya, har a sami wanda zai farke cikinsa kowa ya fito da rai. A labarin Auta, Dodo yakan zo gari da dare yana ƙalubalantar mutane, yaron ya jefa masa duwatsu masu zafi a baki ya kashe shi, ya bar takalminsa a wurin, da safe sarki ya sa a nemo mai takalmin. Duk wanda ya san labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura zai ga ƙirar ɗaya ce. Gashi da girma da tafiya irin ta mutum su ne suka sa ake iya jera Dodo da Bigfut da Yeti. Magana da aure da alkawari kuwa sun fitar da shi daga sahun dabbobi.

To, a ina aka samo waɗannan siffofi da muke karantawa? A nan ne ɗalibi ya kamata ya yi hattara. Labaran da J.F. Schön ya buga a Magana Hausa a 1885, da yawansu daga bakin Dorugu suka fito, mutumin ƙasar Damagaram wanda ya bi Barth zuwa Ingila. Frank Edgar, wanda ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, ma'aikacin mulki ne, kuma malaman lardin Sakkwato ne suka rubuta masa mafi yawan abin da ya tara. R.S. Rattray ya sami nasa na 1913 daga hannun Malam Shaihu a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A.J.N. Tremearne, wanda ya fi kowa tsayawa a kan Dodo a littafinsa na camfe-camfe da al'adun Hausawa na 1913, ya tara mafi yawan tatsuniyoyinsa a Jama'ar Daroro, can kudancin ƙasar Zazzau. Watau taswirar Dodo da ke cikin tsofaffin littattafai taswira ce ta wuraren da aka tura Turawa aiki. Gabashin ƙasar Kano, inda Dutse da Jahun suke, ba ya cikin waɗannan tashoshi huɗu. Ko bayan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, manufar littattafan ita ce koyarwa a makaranta, don haka Dodon da ke ciki na kowa da kowa ne, ba na wata gunduma ba.

Ƙasar Dutse da Jahun

Wanda ya taso daga Birnin Kudu ya bi ta Dutse da Kiyawa zuwa Jahun da Miga, zai ratsa ƙasa iri uku cikin 'yan sa'o'i. Da farko duwatsu ne masu kogo da loko. Daga nan sai jigayi, tudun rairayi masu tsawo waɗanda jihar ta ci sunansu da aka ƙirƙiro ta a 1991, da fadamu a tsakaninsu. Daga ƙarshe sai kwarin kogin Haɗeja da tafkunansa, irin su na Harbo. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da irin abin tsoronsa, kuma tarihi bai taɓa su daidai ba.

Duwatsun su ne mafi tsufa a labari. Ruwayar baka ta danganta kafuwar Dutse da wani maharbi, Duna Magu, wanda ake yi wa laƙabi da Gadawur. Tarihin Kano da H.R. Palmer ya fassara a 1908 ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, inda ya ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Wannan littafi ne kuma ya siffanta Barbushe na Dala da cewa ƙato ne mai ƙarfi, maharbin da yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Abin lura shi ne, a waɗannan ruwayoyi ƙaton da ke kan dutse mutum ne, kakan gari ne, ana alfahari da shi. Zanen da aka gano a kogunan dutsen Birnin Kudu a tsakiyar shekarun 1950, a Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, mafi yawansa shanu ne. Mutanen da suka zauna a waɗannan duwatsu sun bar mana hoton dukiyarsu. Dutse a wannan yanki mafaka ne tun da can, kuma wurin da mutum yake gudu ya ɓuya a cikinsa ba ya zama gidan Dodo.

Jigayi da dajin da ke tsakanin garuruwa labarinsu dabam ne. A ƙarni na 19 wannan yanki yana ƙarƙashin Kano, amma a bakin iyaka yake, tsakanin wuta biyu. Daga arewa maso gabas akwai Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya addabi gabashin Kano har rasuwarsa a 1863. Daga kudu kuma akwai Ningawa, waɗanda suka kafu a duwatsun Ningi a ƙarshen shekarun 1840, suka yi shekaru da dama suna kai hari ƙasashen Gwaram da Birnin Kudu da Dutse, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. A irin wannan zamani mutane sukan taru a garuruwa masu ganuwa ko kafi, a bar gonakin nesa, daji ya rufe su. Sunayen garuruwa masu farawa da Kafin, waɗanda suke da yawa a wannan yanki, shaida ne na wancan zama. Dajin da ya tsiro saboda yaƙi shi ne dajin tatsuniya: wanda ya shige shi yana iya ɓacewa, ba gawa ba labari. Yarinyar da ta je itace ko ɗiban ruwa ba ta dawo ba, a gaskiya mahara ne suka tafi da ita, wataƙila ta zama matar wani a wata ƙasa, ta haihu a can. Ba na cewa daga nan tatsuniyar matar Dodo ta samo asali, domin ta girmi Buhari da Ningi nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne, kakar da ta ba da labarin a cikin kafi a 1870, da jikokin da suka saurara, sun san abin da ake nufi da a ɗauke mace a kai ta inda ba a dawowa.

Wannan daji bai daɗe ba bayan zuwan Turawa a 1903. Hari ya ƙare, mutane suka fito daga kafi suka bazu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, a 1930 kuma layin dogo ya kai Nguru ta Ringim. Ƙasar rairayi irin ta jigayi ita gyaɗa take so, haraji kuma da kuɗi ake biyansa, saboda haka aka sa wa daji gatari. Abin da ya saura shi ne kurmin bakin kogi, wanda ƙudan tsando ya tsare shi daga mutane da shanu. Shi ma sai aka biyo shi: an kafa tashar binciken ƙudan tsando a Gaɗau, a ƙasar Katagum maƙwabciyar wannan yanki, inda T.A.M. Nash ya yi aiki a shekarun 1930, aka riƙa sare kurmin rafuka domin yaƙi da ciwon barci, daga tsakiyar shekarun 1950 kuma aka shiga feshin magani a bakin kogunan arewa maso gabas. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Yaron da ya tashi a Jahun bayan wannan lokaci, in ya fita bayan gari gona yake gani, bayan gonar kuma wata gona, har ya hango rufin kwanon ƙauye na gaba. Ina Dodo zai gina gidansa a nan?

Saura ruwa. A nan ne, a ganina, Dodon wannan yanki ya fi daɗewa, domin ruwa ne kaɗai iyakar da gatari bai iya sharewa ba. Tun a tsofaffin tatsuniyoyi akwai Dodon da ke zaune a gulbi ko tafki, wanda yake hana ɗiban ruwa sai an ba shi wani abu, ko ya taimaki mai ƙetare kogi bisa sharaɗin a ba shi 'ya. Tremearne da kansa ya lura da wannan dangantaka ta Dodo da ruwa. A kwarin Haɗeja kogi yana kawowa kowace damina, yana cin gonaki, yana cin mutane, kuma Bahaushe bai ce mutum ya nutse kawai ba, yakan ce ruwa ya ci shi. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin kogin ya sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta zama wani sabon kurmi wanda kwalekwale ba ya ratsawa, ambaliya kuma ba ta daina ba, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Uwar da take hana ɗanta zuwa bakin tafki da sunan Dodo tana da hujjar da ta fi ta uwar da take hana shi zuwa dajin da babu shi.

Sai dai ko a bakin ruwan, baligi ba ya cewa ya ga Dodo. In wani abu ya firgita shi da dare a gindin tsamiya ko a mashigi, zai ce ya yi gamo, ko ya ce mutanen ɓoye ne, ko 'yan ruwa. Dalili kuwa a fili yake. Musulunci ya tabbatar da samuwar aljannu, bori kuma ya ba iskoki sunaye da gidaje da magani. Saboda haka duk wani gani na ban tsoro yana da wurin da za a ajiye shi ba tare da mutum ya zama abin dariya ba. Dabbar dare kuma da aka sani da ɗaukar yara da awaki ita ce kura, kuma har akwai camfin mutanen da suke rikiɗa su zama ita. Aljani ya ɗauki gani, kura ta ɗauki sawu da ɓarna, aka bar wa Dodo tatsuniya, wadda ake buɗe ta da gatanan gatananku, a rufe ta da kan kusu, kowa ya san gizo ne. Ba'amurken da ya firgita a daji ba shi da aljanin da jama'arsa za ta yarda da shi, sai ya nemi dabba, ya je neman gashinta da sawunta.

Inda ake ganinsa da ido

Akwai wuraren da dodo yake fitowa a gan shi, amma ba a ƙasar Dutse ba. A kudancin ƙasar Zazzau, tsakanin Katafawa da Kajawa da Kagoro da maƙwabtansu, akwai tsohuwar al'ada ta kakanni da suke dawowa cikin shigar ganye ko saƙa, da muryar da aka sauya ta hanyar busa wani bututu. Katafawa suna kiran abin Abwoi. Hausawa fatake da mazauna zango su ne suka sa masa suna dodo, sunan kuma ya bi shi har cikin rubuce-rubucen C.K. Meek na 1931. Maza da aka shigar sun san wanda ke cikin rigar, mata da yara an hana su sani. A nan dodo hukuma ne, yana horo, yana tsare sirri. Idan aka tuna cewa a tsakiyar wannan yanki Tremearne ya zauna, har ya rubuta littafi a kan Kagoro a 1912, za a gane dalilin da ya sa ya kamata a karanta Dodonsa da lura kafin a ce haka yake a Kano ko Katsina.

A yamma kuma, Hausawa 'yan kasuwa sun kai wani wasa mai suna dodo birnin Wagadugu a ƙarni na 19, ya zauna a can ya zama wasan yara na watan azumi, kamar tashe a wurinmu. Priscilla Hinckley ta yi rubutu a kansa a 1986. Labarin da ake bayarwa na asalinsa shi ne, wani maharbi ya karya dokar hana farauta ranar Juma'a, aka mayar da shi rabi mutum rabi dabba. Yaran sukan sa fuskokin dabbobi, su ɗaura wutsiya, su riƙe sanduna biyu suna rawa. Wannan shi ne dodon da ya fi kusa da siffar biri a duk inda Hausa ta kai, kuma shi ne wanda ba ya ba kowa tsoro, har kyauta ake ba shi.

Biri mai ganga

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan bincike shi ne abin da ya faru a inda babban biri na gaskiya yake. Birai da aka sani a ƙasar Hausa su ne jan biri mai ɓarnar gona, da kirka, da bika, wadda ake samu a dazuzzuka irin su Yankari da Falgore, gardawa kuma suke yawo da ita kasuwa-kasuwa tare da kura. Babu ɗayansu da yake da sirri. Bahaushe ya daɗe da cewa biri ya yi kama da mutum, kuma da raha yake faɗa. Manyan birai marasa wutsiya kuwa sai can kudu maso gabas. A dajin Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, akwai cimfanzi, kuma sunan da masu jin Hausa na yankin suka ba shi shi ne biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa sauti ya ratsa kurmi. A duwatsun Kuros Riba kuma akwai gorila, wanda Paul Matschie ya siffanta a 1904, aka daɗe ana zaton ya ƙare a Nijeriya, sai a shekarun 1980 aka tabbatar yana nan. Waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 300 ba, a Nijeriya da Kamaru.

Ga halitta mai gashi, mai ƙarfi, mai kama da mutum, a cikin duhun kurmi, tana buga ganga ba a ganinta. In da Dodo dabba ne da aka gani aka kasa ganewa, a nan ya kamata sunan ya sauka. Amma da Hausa ta isa wurin, sai ta dubi abin ta ce biri ne, ta ƙara masa ganga. Wannan ya isa ya sa malamin da yake koyar da adabin baka ya yi taka-tsantsan da fassara Dodo da gwaggon biri, ko barin mai zane ya sa masa fuskar gorila a littafin yara. Ɗalibin da zai tara tatsuniya a Harbo ko Aujara ko Kiyawa kuwa, in ya rubuta labarin ya manta bai tambayi mai ba da shi a ina gidan Dodon yake ba, a tafki ne ko a rijiya ko a kogon kuka, kuma daga bakin wa ta ji, ya bar rabin abin da ya je nema.

Gwaggon birin Kano

Duk da haka siffar birin tana shigowa, ta hanyar sinima da talabijin da wayar hannu. Misali mafi bayyana ya faru a Kano a watan Yuni 2019. Bayan bukukuwan ƙaramar salla, aka wayi gari kuɗin shiga da aka tara a gidan namun daji na Audu Bako, naira miliyan 6.8, sun ɓace. Wani gidan rediyo ya ba da labarin cewa wani ma'aikaci ya ce gwaggon biri ne ya haɗiye su. Cikin kwana biyu labarin ya zaga Nijeriya ya ƙetare teku, jaridun Turai da Amurka suka ɗauka, masu zanen barkwanci suka zana ƙaton gorila da damin kuɗi a baki. 'Yan sanda suka kama wasu ma'aikata domin bincike. Gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu gorila ko ɗaya a gidan. A shekarar da ta gabata, 2018, an riga an yi irin wannan a Makurɗi, inda aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar jarrabawar shiga jami'a.

Babu wanda ya yarda da labarin, amma kowa ya maimaita shi, kuma babu wanda ya ce shi ganau ne. Gorila ganye da 'ya'yan itace yake ci, kuma taunawa yake yi. Wanda aka sani da haɗiye dukiya ɗungurungum, a zauna jiran mai wuƙar da zai farke cikinsa a ga ko za ta fito, shi ne wanda kaka take ba da labarinsa a Jahun. A wannan karo an same shi a tsakiyar birnin Kano, a kan titin gidan zu, kusa da akwatin kuɗi.